Maganin Da Ƙasa Ta Ba Mu, Kada Mu Kashe Shi Da Hannunmu

 

A wani taron ƙungiyar gama kai da na halarta bayan kaka, wani dattijon ikkilisiya ya kawo shawara. Ya ce a ɗebi kuɗi daga asusu a sayo kafso da garin maganin kaji da yawa, a ajiye a ɗakin ajiyar ƙungiya tare da taki da iri, domin kowa ya riƙa zuba wa kajinsa a ruwan sha tun kafin hunturu ya kawo annoba. Hujjarsa tana da ƙarfi. Sayen sari ya fi araha, kemis yana da nisa, bara kuwa kajin wata gwauruwa guda 30 sun mutu cikin kwana 10, kuɗin makarantar 'ya'yanta ya tafi tare da su. Mutane da yawa suka ɗaga hannu. Ni na roƙa a dakata. Wasu sun ji haushina a ranar, na kuwa yi musu alkawari zan bayyana dalilina a wannan shafi, gama na san ba ƙungiya ɗaya kaɗai ke irin wannan tunani ba.

Ga ra'ayina a taƙaice. Magungunan nan masu kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda likitoci ke kira antibayotik, suna da iyakar ƙarfi. In muka mai da su abin zubawa a ruwan kaji kullum, za su daina aiki a kan kaji, za su kuma daina aiki a kan 'ya'yanmu ranar da muka kai su asibiti. Kafin ku yarda ko ku ƙi, bari mu fara daga inda maganin ya fito, domin wanda ya san asalin abu ya fi iya riƙonsa.

Ƙanshin ruwan fari

Kowane manomi ya san ƙanshin da ke tashi daga ƙasa ranar da ruwan fari ya sauka. Wannan ƙanshi yana da mai shi. Akwai wata irin bakteriya cikin ƙasa, masana suna kiran danginta Sitiraftomaisis, mu kuwa bari mu ce mata bakteriyar zare, gama a madubin likita kamar siraran zare masu rassa take. Ita ce take fitar da sinadarin da hancinmu ke ji. Cikin ƙaramin cokali ɗaya na ƙasa mai kyau akwai bakteriya miliyoyi ɗari-ɗari, yawancinsu ba sa cutar da kowa. Aikinsu shi ne cin busasshen ganye da kara da kashin shanu, su mai da su taki.

Daga wannan dangi ne aka samo kusan kashi biyu cikin uku na antibayotik ɗin da aka ciro daga halitta. Penisilin shi ne ya fita dabam, daga fumfuna Alexander Fleming ya gano shi a Landan a shekarar 1928. Amma a 1943, a Jami'ar Rutgers ta Amurka, wani ɗalibi mai shekara 23, Albert Schatz, yana aiki a ƙarƙashin malaminsa Selman Waksman, masanin ƙasar noma, ya gano sitiraftomaisin, maganin farko da ya ci ƙarfin tarin fuka. Ina ya samo bakteriyar? Ɗaya daga ƙasar gonar da ta sha takin dabbobi, ɗaya daga maƙogwaron kaza. A 1945 wani dattijo masanin tsiro mai shekara fiye da 70, Benjamin Duggar, ya sami bakteriyar da ke yin magani mai launin zinariya cikin ƙasar da aka aiko masa daga gonar gwaji ta Jami'ar Mizuri. Wannan shi ne farkon dangin tetarasaikilin. Terramycin, wanda muke yi wa shanu allurarsa saboda kirci, ya biyo baya a 1950, shi ma daga bakteriyar ƙasa.

Akwai kuma wanda ya shafe mu ƙwarai. A shekarun 1970 wani masani ɗan Japan, Satoshi Omura, ya ɗebi ƙasa a kusa da wani filin wasa a ƙasarsu, ya sami bakteriyar zare wadda daga gare ta aka yi ibamaktin, maganin tsutsar ciki da ƙwarin fata na dabbobi. Tun 1987 ake raba shi kyauta ga mutane da sunan Mectizan, domin makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa. Da yawa cikinku kun tsaya an auna tsayinku da sanda an ba ku ƙwayoyinsa. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Jamhuriyar Nijar ta kawar da wannan cuta, ita ce ta farko a Afirka. Ashe ƙasar da muke takawa da garma ɗakin magani ce babba, Ubangiji ya shirya ta tun ba mu san da ita ba.

Yadda take yin maganin

Bakteriyar zare ba ta yin magani kullum, a nan ne darasinmu yake. Sa'ad da abinci ya wadata, girma kawai take yi. Tana miƙa zarenta cikin ruɓaɓɓen ganye, tana fitar da ruwan narkarwa, tana tsotsa. In abinci ya fara ƙarewa sai ta canza hali. Wani sashe na tsohon zarenta ya mutu ya narke, ya zama abincin sabon zare da ke miƙewa sama domin ya ba da ƙurar iri, wadda iska da ƙananan ƙwari za su kai wani wuri. A daidai wannan lokaci ne take fitar da maganinta, gama wannan ɗan abinci da ya rage zai jawo sauran ƙwayoyin ƙasa masu yunwa. Kamar manomi ne. Ba ya kwana a gona da sanda sa'ad da gero yake tsiro, amma in an tara damma a masussuka sai ya kwana a wurin.

Umarnin yin maganin a rubuce yake cikin jikinta, cikin abin da masana ke kira ƙwayoyin gado, watau abin da take gadar wa 'ya'yanta. Waɗannan umarnai a jere suke wuri ɗaya, kamar kayan aiki a runfar maƙera. Wasu suna haɗa gangar jikin maganin daga ƙananan sinadarai, ɗaya bayan ɗaya. Wasu suna gyara shi. Wasu suna tura shi waje. Akwai kuma masu buɗe runfar da rufe ta.

In maganin ya fita, kowane iri da inda yake bugun abokin gaba. Cikin kowace bakteriya akwai wani ɗan inji kamar masaƙa, inda take saƙa furotin, naman jikinta. Tetarasaikilin yana shiga ya toshe masaƙar, zare ya kasa shiga. Sitiraftomaisin yana sa masaƙar ta riƙa kuskure, ta saƙa abin banza. Penisilin kuwa magini yake hanawa aiki, bangon bakteriyar ya kasa haɗuwa, sai ta fashe.

Hanyoyi uku da aikin ke tsayawa

Masana sun gano cewa ana iya rufe wannan runfa. Hanya ta fari ita ce ƙoshi. A masana'antar magani ana kiwon bakteriyar cikin manyan tankuna. In aka cika mata sukari mai saurin narkewa, ko sinadarin fosfet da yawa, sai ta yi ta girma ta ƙi yin magani, domin ba ta ga yunwar da za ta sa ta tsare abincinta ba. Saboda haka masu aikin suna ba ta abinci kaɗan-kaɗan, irin su sitaci da garin waken soya. Wannan magana ta tankin masana'anta ce, kada wani ya ɗauke ta ya ce an hana sa takin zamani a gona.

Hanya ta biyu ita ce yanke kira. Bakteriyar da ke yin sitiraftomaisin tana fitar da wani ɗan sinadari ƙanƙane wanda masanan Rasha suka gano a 1967, masanan Japan kuma suka bi diddiginsa daga baya. Aikinsa kamar ƙararrawar majami'a ne. Akwai mai gadi zaune a bakin runfar maganin, ba ya tashi sai wannan sinadari ya taru ya kai wani adadi. In ya taru, mai gadi ya kauce, aiki ya kama a ko'ina lokaci ɗaya. Bakteriyar da ta rasa ikon yin wannan sinadari ba ta yin magani, ba ta kuma ba da ƙurar iri, ko da duk kayan aikinta suna nan lafiya. In aka ɗiga mata ɗan kaɗan sai ta farka.

Hanya ta uku, abokin gaba ne ke rufe runfar. A jikin saiwar tsiro akwai wata bakteriya, dangin Sudomonas, mai fitar da maganin da ke kāre saiwa daga fumfuna mai ruɓar da ita. A shekarun 1990 masu bincike a Suwizalan suka ga cewa fumfunar Fusariyam, mai kama saiwar tumatir, tana fitar da wani sinadari mai tsami wanda ke hana wannan bakteriya yin maganinta. Bakteriyar tana nan da rai, amma an karɓe mata sanda. To, kun ga yaƙi ake yi a ƙarƙashin kunyar tumatir ɗinku, dare da rana.

Har yanzu ɗakin maganin nan bai buɗu duka ba. A 2002 masana a Ingila suka karanta dukan ƙwayoyin gado na wata bakteriyar zare da aka daɗe ana nazarinta, suka tarar da runfuna fiye da 20, alhali kaɗan daga cikinsu aka sani a da. Yawancinsu a rufe suke in ana kiwonta a ɗakin bincike, ana ta neman mabuɗinsu. Amma aikin yana da wuya, yana da tsada. Tun ƙarshen shekarun 1980 sababbin dangin antibayotik sun yi ƙaranci ƙwarai. Wanda muke da shi a hannu, shi ne dai muke da shi.

Hanya ta huɗu, wadda ke hannunmu

Mai tunani zai tambaya, don me maganin bai kashe mai yinsa ba? Domin a cikin runfar nan akwai garkuwa. Bakteriyar da ke yin sitiraftomaisin tana da sinadarin da ke ɗaure maganin ya zama marar dafi muddin yana cikin jikinta. Wadda ke yin tetarasaikilin tana da famfo mai fitar da shi waje, da wani abu mai tsare masaƙarta. Maƙwabtanta a ƙasa su ma sun daɗe da samun tasu garkuwar. A 2011 masana suka sami ƙwayoyin gado na irin wannan garkuwa cikin daskararriyar ƙasa ta arewacin Kanada, wadda ta shekara kimanin 30,000 a daskare. A 1940 ma, tun penisilin bai shiga hannun jama'a ba, an riga an ga bakteriyar da ke da sinadarin tsinka shi. Daga baya aka sami wata bakteriyar zare mai yin abin da ke toshe wannan sinadari, aka haɗa shi da amoksisilin, shi ne maganin da ake sayarwa da sunan Augmentin.

Abin tsoron shi ne, bakteriya suna ba juna aron garkuwa, ko ba dangi ɗaya ba ne. Likitocin Japan ne suka fara ganin haka a ƙarshen shekarun 1950, wurin masu ciwon atuni. Garkuwar da ke jikin bakteriyar cikin kaza tana iya komawa jikin wadda ke sa yaro zawo.

Yanzu ku duba abin da ke faruwa in muka zuba ɗan magani a ruwan kaji kowace rana. Bakteriya marasa garkuwa su mutu. 'Yan kaɗan masu garkuwa su rage, fili ya zama nasu, abinci ya zama nasu, wasunsu kuwa suna rabuwa biyu cikin minti 20 in sun sami wuri mai daɗi. Kamar mai noma ne da ya cire kowace ciyawa ya bar ƙuduji, ba da daɗewa ba ƙuduji zai gaje gonar. Fleming kansa, da yake karɓar kyautar Nobel a 1945, ya yi gargaɗi cewa shan maganin da bai kai adadi ba zai koya wa ƙwayoyin cuta jurewa. Bakteriyar ƙasa tana ɓoye makaminta sai ranar buƙata. Mu muna so mu riƙa yawo da namu a fili kullum, har abokin gaba ya saba da shi.

Wasu sun riga mu bin wannan hanya

Wajen 1950 masu bincike a Amurka suka lura cewa kajin da aka ba ɗan antibayotik cikin abinci suna saurin girma. Nan da nan al'adar ta bazu a Amurka da Turai. A 1969 wani kwamiti da gwamnatin Ingila ta naɗa, a ƙarƙashin Farfesa Michael Swann, ya ba da shawara a daina sa magungunan da ake warkar da mutane da su cikin abincin dabbobi domin ƙiba. A 1976 wani likita a Amurka, Stuart Levy, ya buga sakamakon gwajin da ya yi a wata gona. Ya ba wasu kaji abinci mai tetarasaikilin. Cikin mako guda kusan dukan bakteriyar hanjinsu sun zama masu jure maganin. Bayan wata 5 zuwa 6 aka tarar irin waɗannan bakteriya sun ƙaru cikin hanjin mutanen gidan, su da ba su sha maganin ba.

Suwidin ta hana sa antibayotik a abincin dabbobi domin ƙiba a 1986. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2006, kiwon kaji da aladu kuwa bai mutu a can ba. A 2015 aka gano a ƙasar Sin, cikin aladu da mutane, wata garkuwa mai yawo wadda ke kāre bakteriya daga kolistin, maganin da likitoci ke ajiyewa sai komai ya gagara. A 2017 Sin ta hana sa shi a abincin dabbobi domin ƙiba.

Kada mu ce wannan damuwar Turawa ce. Wani babban bincike da aka buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka ƙi jin magani. Yankin da abin ya fi tsanani shi ne namu, Afirka ta Yamma, inda aka ƙiyasta kimanin mutum 27 cikin kowane 100,000. Mai kuɗi in maganin farko ya ƙi, zai sayi na biyu da na uku. Talaka na farkon nan shi ne dukan abin da yake da shi.

Amsa ga 'yan'uwana da suka ɗaga hannu

Kun ce kajin gwauruwa sun mutu. Gaskiya ne, na kuwa ji zafinsa. Amma annobar da ke share kaji da hunturu, wadda ke sa su kasala da koren kashi da murɗewar wuya, yawanci cutar Niyukasil ce. Bairos ne ke kawo ta, ba bakteriya ba. Bairos ba shi da bangon da penisilin zai rushe, ba shi da masaƙar da tetarasaikilin zai toshe. Ko buhun kafso aka juye a ruwansu, kajin nan da sun mutu. Haka annobar awaki da tumaki mai sa majina da zawo, ita ma ta bairos ce. Abin da ke tsare su shi ne allurar rigakafi. Ku tambayi tsofaffi labarin bushiya, yadda take share garken shanu. Rigakafi ne ya kashe ta, har aka sanar a 2011 cewa babu ita a duniya.

Kun ce wani ya ba kajinsa kafso sun warke. Yana yiwuwa. Wata cutar ta bakteriya ce, magani kuwa yana cin ta. Wani lokaci kuma waɗanda za su rayu ne suka rayu, kafso ya karɓi godiya. Ido kaɗai ba ya raba waɗannan biyu, shi ya sa muke buƙatar wanda ya koyi aikin.

Kun ce malamin dabbobi yana da nisa, zuwansa yana da tsada. Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, ba ni kuwa da niyyar raina ta. Mutum ɗaya mai kaji 15 ba zai iya ɗauko malami daga gari ba, kwalbar rigakafi ɗaya ma ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, in an buɗe ta kuwa ba ta kwana. Amma don me muka kafa ƙungiya? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gida 40 in suka haɗa kai, kuɗin babur ɗin malami ya zama ɗan kaɗan a kan kowa, kwalba ɗaya ta zagaya unguwa kafin rana ta yi zafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin alluran rigakafi na kaji da awaki da shanu, ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma kuma zai nuna muku inda ake samu.

Ban ce a daina yi wa dabba magani ba. Saniya mai kirci, akuya mai rauni da ya ruɓe, tinkiya mai ciwon huhu, barinsu cikin wahala mugunta ce. A yi musu magani, amma wanda ya dace, daidai nauyin jikinsu, har kwanakin su cika.

Sai kuma maganar maƙwabci, wadda ta shafe mu a matsayin masu bi. Magani yana zama cikin nama da madara da ƙwai na wasu kwanaki bayan an gama ba dabba. Kwanakin a rubuce suke a jikin kwalba, na wasu allurai sukan kai 28 kafin a yanka. Mata masu yin kindirmo sun san wannan ko ba su san sunansa ba, gama madarar saniyar da aka yi wa allura takan ƙi kama, domin maganin ya kashe bakteriya masu kirki da ke sa ta yi tsami. Wanda ya yi wa akuya allura yau, ya ga ba za ta tashi ba, ya kai ta mahauta gobe, ya sayar wa maƙwabcinsa abin da shi ba zai ba ɗansa ba. Mudun algus ne wannan, ko da babu wanda ya gani.

Shawarata ga ƙungiyoyinmu

1. Kada kuɗin asusu ya sayi antibayotik domin zuba wa lafiyayyun dabbobi. Kuɗin ya tafi wajen rigakafi.

2. A tsai da ranar rigakafin kaji kafin hunturu, a maimaita bayan wata 3 zuwa 4 yadda malamin dabbobi ya tsara. Lafiyayyun kaji kaɗai ake yi wa. Zumuntar mata ta jagoranci wannan, gama yawancin kajin gida nasu ne.

3. Kowace ƙungiya ta zaɓi matasa biyu, mace da namiji, a tura su su koyi ba da rigakafi, da auna nauyin dabba, da karanta rubutun jikin kwalba.

4. Magatakarda ya buɗe littafin magani. A rubuta dabbar wane, wane magani, wace rana aka fara, wace rana za a iya yanka ko sayar da madara da ƙwai.

5. Kada a ba kaji kafson mutane, kada mutum ya sha na dabbobi. Kada a sayi maganin da ya wuni a rana kan tire a kasuwa. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki.

6. Sabuwar kaza ko akuyar da aka sayo a kasuwa a keɓe ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran. Wadda ta mutu da cuta a binne ta da zurfi, kada a jefar a juji. A share akurki, a wanke mazubin ruwa kowace safiya.

7. Kashin dabbar da ake yi wa magani yana ɗauke da ragowar maganin. A tara shi a ramin taki tare da kara da ganye, a bar shi ya yi zafi ya ruɓe sosai kafin a kai gona, musamman lambun ganye. Wannan yana rage ragowar. A rage ƙona karan gona, gama shi ne abincin ma'aikatan nan da ba ma gani.

8. Mu da kanmu, in mura ta kama mu, kada mu matsa wa mai kemis ya ba mu kafso biyu na kuɗin da ke aljihu. A je asibiti ko ɗakin shan magani, a sha yadda ma'aikacin lafiya ya faɗa, kada a raba wa wani ragowar.

Kowace shekara daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba duniya tana keɓe mako guda domin tunawa da wannan magana. Lokacin ya zo daidai da kaka da shigowar hunturu. Ina roƙon fastoci da dattawa su ba ƙungiya minti 15 bayan sujada a wannan mako, a gayyaci malamin dabbobi ya yi wa jama'a bayani, a gayyaci maƙwabtanmu Fulani da sauran mutanen gari, domin ƙwayar cuta ba ta tambayar addinin mai garke.

Littafin Farawa ya koya mana cewa daga ƙasa aka yi mutum, aka kuma danƙa masa gona ya noma ta, ya kiyaye ta. Kiyayewar nan ta haɗa da abin da ke cikin ƙasar, da maganin da aka ciro daga cikinta. Kakanninmu sun binne 'ya'ya saboda ciwon da yau kafso na kwana biyar ke warkarwa. In muka yi sakaci, jikokinmu za su koma wannan hali, kwalaben magani cike a gabansu amma babu mai amfani.

Tambayoyi domin taronku na gaba

Waɗanne magunguna ne ke gidajen 'yan ƙungiya yanzu, wa kuma ya ce a saya? Kaji nawa muka rasa bara, nawa cikinsu aka yi wa rigakafi? Nawa zai faɗo a kan kowane gida in muka ɗauko malamin dabbobi sau uku a shekara? Wa zai riƙe littafin magani?

Dattijon da ya kawo shawarar sayen kafso ya zo gidana bayan mako biyu, muka zauna muka yi lissafi tare. Har yanzu bai yarda da dukan maganata ba, amma ya yarda a fara da rigakafi bana, a ƙirga kajin da suka rage bayan hunturu. Ku ma ku gwada, ku rubuto mana abin da kuka gani, mai daɗi da marar daɗi, za mu buga a wannan shafi.

Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanku.

Naku cikin hidima,
Malamin Gona